Baba Shasi da Ƙofar Fasinja

A unguwar ba wanda ya damu da sunansa na ainihi. Baba Shasi kowa ke cewa, har jikokinsa, kuma shi ya jawo wa kansa. In aka nuna masa mota, ba ya kallon fenti, ba ya leƙa kujeru. Kwali yake nema ya shimfiɗa a ƙasa, ya cire hularsa ya ba mai motar ya riƙe, ya kwanta ya shige ƙarƙashi, sai tafin ƙafafunsa ake gani. Abin da yake nema shi ne shasi, ƙarafan nan biyu masu kauri da suka miƙe daga gaba zuwa baya kamar tsani a kwance, waɗanda ake ɗora gangar jikin mota a kansu. In ya gan su, ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "To, wannan mota ce." In bai gan su ba, ya karɓi hularsa ya ce, "Allah ya tsare hanya," bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Mutane da yawa sun zo da sabuwar mota suna washe baki, wannan addu'ar ta mayar da su gida jiki a sanyaye.

Direba ne tun gashin bakinsa bai fito ba, kuma aikinsa duka da wani kamfanin masu awon ƙasa ya yi shi, mutanen da ake turawa gaba kafin a shimfiɗa titi ko a kafa turakun wuta. Wato duk inda ya kai su, hanya ba ta riga ta je ba. Ya tsallake rafi ruwa na dukan ƙofa, ya hau tudun da jaki ma sai ya yi shawara, ya ciro babbar mota daga taɓo da sarƙa. Ba ya gajiya da ba da waɗannan labaran, kuma duk shekara rafin sai ya ƙara zurfi. Amma gaskiya ne bai taɓa barin ma'aikaci ya kwana a daji don laifin mota ba, abokan aikinsa ma sun shaida.

Da ya ajiye aiki, kamfanin ya bar masa jif ɗin da ya fi daɗewa yana tuƙawa, wata fara mai tsayi mai ƙugi, wadda in ta taso daga bakin layi kowa ya san shi ne. Ba ta da matakala a gefe, don tuni ya sa an yanke, wai duwatsu take kamawa. Mariƙin da ke saman ƙofar fasinja kuwa wani ƙato cikin masu awon ya ɓalle shi tun suna daji, ba a sake sa wani ba. Shi waɗannan duk ba su dame shi ba. Muddin injin na amsawa, sauran ado ne. Da ita yake kai mara lafiyar layi asibiti, da ita yake janyo motar maƙwabci in ta mace a hanya, kuma ladansa ɗaya ne: a tsaya a saurari bayanin abin da ya sa motar maƙwabcin ta mace tasa ba ta mace ba.

Matarsa tela ce. Ta yi shekarunta a kan keken ɗinki na ƙafa a ɗakin gaba, ta yi wa rabin matan layin ɗinki, ta yi renon 'ya'yansu kusan ita kaɗai saboda shi kullum yana daji. Ita ke kiransa Direba, shi ke kiranta Fasinja, ba wanda ya taɓa jin sun kira juna da wani abu daban. Lokacin da yake aiki ya sha yi mata alkawari: "In na ajiye wannan wahala, ke kaɗai zan riƙa ɗauka." Ta ɗauka daɗin baki ne irin na maza, sai ga shi ya cika. Duk ranar hutun ƙarshen mako, in rana ta yi sanyi, sai ya ɗauke ta su fita bayan gari. Su bi kwalta har ta ƙare, su faɗa wata hanyar ƙasa mai ramuka, su tsallake wani kwazazzabo, su tsaya a bakin madatsar ruwa. Can za su buɗe fulas ɗin shayi, ta ba shi labarin masu kawo ɗinkin da suka ƙi yarda sun yi ƙiba, shi kuma ya nuna mata inda suka taɓa kafa turakun awo. Duk abin da Baba Shasi ya mallaka a duniya, ba abin da ya kai wannan fitar a ransa, ko da yake da za ka tambaye shi, cewa zai yi injin yake motsawa kar ya yi tsatsa.

Yana da wata ƙa'ida da ya koyo a daji, inda mantuwa kaɗan ke sa mutum ya yini yana tafiyar ƙasa. Ba ya tayar da mota, ko da bakin layi zai je, sai ya ɗaga bonet ya duba mai, ya duba ruwa, ya taɓa bel, ya girgiza kan batir. Ba ya sauri, kansa a cikin injin, yana ƙananan maganganu da shi. In ya saki bonet ya rufe, sai ya tarar Fasinja ta riga ta zauna a kujerarta, kwando a cinya, tana gyara mayafi. Shi kuma ya zagaya nasa ɓangaren, ya cafki sitiyari ya ja jikinsa sama, ya ce, "Fasinja, ina aka nufa?" Ta ce, "Inda ka saba kai ni, Direba, kar dai ka ɓata."

Sai fitar ta fara mutuwa. Wani mako ta ce ɗinki ya yi mata yawa. Wani mako ta ce kanta ke sarawa. Wani kuma ta ce ai hadari ya haɗo, alhali sama fes take. Tun yana yi mata tsiya har ya daina. Yakan wanke jif ɗin tun da hantsi, ya fito da ita ƙofar gida ya bar ta nan, ya zauna a benci yana jiran ko za a fito da kwando. Ba a fitowa. Ya gwada zuwa shi kaɗai, ya tsaya a bakin ruwa kamar wanda aka aika ya manta saƙon, ya juyo tun shayin bai huce ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai, kuma shi ba mutum ne da ya iya tambaya ba. Mota ce kaɗai ya iya tambayar me ke damunta.

Ana cikin haka Auta ta sayi mota. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aiki a wani kantin magani a tsakiyar gari, kuma ita kaɗai ce a cikin 'ya'yan ba ta tsoron bakinsa. Ta shigo layin da wata shuɗiya mai sheƙi, mai ƙirar jif, baya a tsaye, amma ba ta kai jif tsayi ba. Maƙwabta suka fito taya murna, ana ta cewa Auta ta yi jif. Baba Shasi ya ɗauko kwalinsa. Bai daɗe a ƙasa ba ya fito, kuma wannan karon addu'a kaɗai ba ta ishe shi ba, tunda 'yarsa ce.

"Wa ya ce miki wannan jif ce?"

"Ba wanda ya ce, Baba. Kurosoba ake ce mata. Tsakanin jif da ƙaramar mota take."

"Tsakani! Babu wani tsakani. Ƙaramar mota ce aka ɗaga ta aka sa mata rigar yayarta. Leƙa ki gani, ina shasi? Babu. Jikin da ƙasan duk abu ɗaya ne, an lanƙwasa farantin ƙarfe an liƙe. Tawa kuwa, ki ɗage jikin gaba ɗaya ki ajiye gefe, ƙashin na nan da injinsa da ƙafafunsa, zai tafi abinsa. Wannan ƙafafun gaba ne kawai ke ja. Ina giyar taimako, wadda in kin shiga yashi za ki sa ƙafa huɗun su ja a hankali? Ɗaura mata tirela ki gani in ba ta bar miki bayanta a titi ba."

"Baba, ni kantin magani nake zuwa. Tsakanin nan da can ba rafi ko ɗaya. Ba ta shan mai, tana shiga lungu, kuma in na taka rami haƙorana ba sa haɗuwa."

"Ai ramin sai kin ji shi a jikinki za ki san tuƙi kike."

"To shiga ka ɗana mana, ka zagaya layi."

"Ni? Allah ya sawwaƙe. A gan ni a cikin wannan?"

Gaskiyar magana, duk abin da ya faɗa game da motar haka yake, kuma duk abin da Auta ta faɗa haka yake. Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai za a yi a watse. Amma bayan 'yan kwanaki yana zaune a benci sai ga Auta ta tsaya ta yi hon, sai ga Fasinja ta fito da mayafinta mai kyau, ita da ɗinki ya yi wa yawa. Ta buɗe ƙofa ta zauna, suna dariya, suka tafi sayen zare da yadi. Washegari ma haka, wai duba wata ƙawarta. Baba Shasi ya bi shuɗiyar motar da kallo har ta sha kwana, ya juyo ya kalli tasa: fenti ya koɗe, kujera ta yage soso ya leƙo, madubi ɗaure da waya. Nan take ya yanke hukunci shi kaɗai, ba shaida ba lauya. Kunyar motarsa take ji. Kuma a ganinsa, mai kunyar motar bai yi nisa da kunyar mai ita ba.

Ya tafi garejin Bakanike, abokinsa tun suna samari, wanda ya san kowane noti a jikin jif ɗin. Garejin rumfar kwano ce, ƙasa baƙi ƙirin da tsohon mai, tsofaffin tayoyin da aka jibge a gefe su ne kujerun baƙi.

"So nake ka mayar min da ita sabuwa dal," in ji Baba Shasi.

"Ita ko kai?"

"Bar wasa. Fenti, kujeru, madubi, komai."

Bakanike ya kama aiki kamar yadda aka ce. Da a nan ma aka tsaya, da sauƙi. Sai dai Baba Shasi kullum yana tsaye a kan aikin, hannu a baya, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa a daji abu ɗaya ya sani da ke ƙara wa mota daraja, shi ne tsayi. Ya ce sifirin da ke ɗauke da nauyin motar sun kwanta, a canza su da masu ƙarfi. Ya hango wasu manyan tayoyi masu ƙaton zane ya ce su yake so. Bakanike ya ce, "Shasi, yaƙi za ka? Kai da iyakarka bakin ruwa." Ya ce, "In za a yi gyara a yi gyara. So nake in ta tsaya kusa da ta Auta, daga nesa ma a san wace ce jif." Aka sa. Motar ta ƙara tashi sama da kusan taƙi guda, ta yi fari tas, cikinta na ƙamshin sabuwar leda. Ranar da ya dawo da ita sai da mutanen layi suka leƙo ta taga.

Ya je ɗakin ɗinki ya tsaya a bakin ƙofa. "Fasinja, fito ki ga wani abu."

Ta tashi a hankali, tana dafa teburin keke, ta fito. Ta daɗe tana kallon motar, daga tayoyi zuwa bakin ƙofa. Shi murmushi yake jira, don haka bai lura da inda idonta ya tsaya ba.

"Ta yi kyau, Direba. Wallahi ta yi kyau."

"To ɗauko kwando."

"Yau kam ka yi haƙuri. Akwai rigar da na yi alkawari."

Ya juya. Ya mayar da motar cikin gida, ya lulluɓe ta da tamfol, abin da bai taɓa yi ba. Gidan ya yi tsit na makonni. Suna gaisawa, tana kawo masa abinci yana ci, amma ba Direba ba Fasinja, sai "ga abinci" da "na gode". Ita ma abin na damunta, ana gani, don keken kan tsaya a tsakiyar ɗinki ya daɗe bai motsa ba.

Dama ya jima yana fama da yana a ido ɗaya, yana ta ja da likita. A ƙarshe Auta ta tsare shi aka sa ranar aiki. Ta ce ita za ta kai shi. Ya ce bai mutu ba tukuna, ya yaye tamfol, ya duba mai da ruwa, ya tuƙa kansa, ita da uwarta suka biyo shi a shuɗiyar. Aikin bai daɗe ba. Aka fito da shi da rana tsaka, ido ɗaya a rufe da auduga da filasta, likita ya ja masa kunne: ba tuƙi, ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi, ba yunƙuri mai ƙarfi, sai ido ya warke. Auta ta buɗe masa ƙofar motarta. Ya ce jif ɗinsa ba za ta kwana a filin asibiti ba, kuma shi ba ya shiga abin da ba shi da ƙashi. Dole aka kira Bakanike ya zo ya tuƙa.

Bakanike ya karɓi makulli ya haye ɓangaren direba. Baba Shasi ya zagaya ɗaya ɓangaren, ya buɗe ƙofar fasinja, sai ya tsaya. Tunda yake da motar nan bai taɓa shiga ta wannan ƙofar ba. Kujerar na can sama, kusan daidai ƙirjinsa. Ya miƙa hannu inda ya saba samun sitiyari, babu komai. Ya laluba saman ƙofa, ya ji ramukan noti inda mariƙi yake a da. Ya nemi inda zai taka, ya tuna shi da kansa ya sa aka yanke matakalar. Ya ɗaga ƙafa ya ɗora a bakin ƙofa, gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa, ya yunƙura, ɗaya ƙafar ta ƙi barin ƙasa. Ya sake, idon ya yi masa zugi.

"Baba, likita ya ce ba yunƙuri!" in ji Auta.

"Bari in sauko in turo ka ta baya," in ji Bakanike yana dariya. "Ko mu ɗauko jak ɗin ɗaga mota?"

Baba Shasi ya saki ƙofar. Ya sauke ƙafarsa ya juya. Fasinja na tsaye a bayansa, ledar maganinsa a hannunta, nauyinta duk a kan ƙafa ɗaya, ɗaya hannun dafe da ƙugu. Ya kalle ta da ido ɗayan da ya rage, ya kalli kujerar, ya sake kallonta. Ta fi shi gajarta nesa ba kusa ba. Ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi.

Ya rufe ƙofar jif ɗin a hankali, ya ce wa Bakanike ya wuce da ita gida. Ya taka zuwa motar Auta ba tare da an sake roƙonsa ba. Ya juya baya, ya zauna, shi ke nan. Kujerar daidai ƙugunsa take, ba hawa, ba kuma faɗawa ƙasa irin na ƙananan motoci. Fasinja ta shiga baya. Har suka isa gida bai kushe motar ba, Auta na ta satar kallonsa, ta ɗauka ciwon ido ne.

Washegari da hantsi ya shiga ɗakin ɗinki, ya ture tarin yadi ya zauna a kujerar masu jiran awo. Ɗakin kamar kullum, ƙyallaye a ƙasa, almakashi rataye a ƙusa, tef ɗin awo a wuyanta. Sai yanzu ya lura da ƙafa ɗaya take taka keken, ɗayar a miƙe a kan ƙaramin matashi.

"Tun yaushe?"

"Me fa?"

"Gwiwar. Ko ƙugun ne?"

Ta ci gaba da zura zare a allura. "Duka biyun. An jima."

"To da yaya kike hawa?"

"Da rarrafe." Ta yi 'yar dariya. "In ɗora kwando tukuna, in kama kujera da hannu biyu, in sa gwiwa a bakin ƙofa in ja jiki. Kai kana can kanka a cikin injin kana gaisawa da batir. Bonet ɗin nan ya rufa min asiri ba kaɗan ba. Saukowa ce ma ta fi wuya, shi ya sa nake cewa ka je ka dubo mana wurin zama a bakin ruwa tukuna. Daga baya rarrafen ma ya gagara. In kuma muka bi ramukan nan, sai in kwana biyu ina jin su a ƙashina."

"Kuma ba ki faɗa ba? Ina nan ina ta fenti kamar mara hankali, har da ƙara mata tsayi!"

"Ranar da ka ƙara tsayin nan, na koma ɗaki ban san ko dariya zan yi ko kuka ba."

"Ni na ɗauka kunyarta kike ji."

Ta ajiye zaren ta dube shi sosai. "Kunya? Motar da ta ciyar da mu? Direba, ka san kanka. Da na ce maka ba na iya hawa, da washegari ka rabu da ita, ka dawo ka zauna a bencin nan kana kallon inda take tsayawa. Ita kaɗai ta rage maka daga aikinka. Na ga gara in rasa shan iska da in raba ka da ita."

Wani abu ya taso wa Baba Shasi a rai. Kunya ce da tausayi, da kuma haushin kansa. Mutumin da ke jin ƙarar noti ɗaya da ya kwance a cikin ƙugin injin, ga matarsa na rarrafe a gefensa bai sani ba. Ya so ya ce ta yafe masa, bakin bai saba ba. Abin da ya fito shi ne, "Likita ya ce kar in yi kuka da idon nan." Ta ce, "Ƙarya kake, ina wurin, bai faɗa ba." Suka yi dariya, ita tana share ido da bakin mayafi.

Bai rabu da jif ɗin ba, don ta ce in ya yi haka ba za ta yafe masa ba. Ya dai sa Bakanike ya mayar da matakala da mariƙi, ya sha tsiyar abokin nasa har ya gode Allah. Ya kuma tsaya a kan Auta sai da ta kai uwarta wurin likitan ƙashi. Amma matakala ba ta cike ramuka, kuma mota mai shasi da taurin sifirin ba a yi ta don mai ciwon ƙugu ba, shi ya fi kowa sani. Da idonsa ya warke aka ba shi izinin tuƙi, sai ya ja Auta gefe ranar hutu, yana kallon wani wuri daban.

"Wannan abar taki. Kina da inda za ki da yamma?"

"Wace aba, Baba? Mai rigar yayarta?"

"Ba ni makulli, ban son surutu."

Ta miƙa masa da hannu biyu, har da russunawa, tana danne dariya. "In ka shiga yashi ka kira ni."

Ya gama dube-dubensa tun kafin Fasinja ta fito. Ya tsaya a gefenta har ta zauna, ya miƙa mata kwando, ya rufe mata ƙofa. Tuƙin bai yi masa daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Sitiyari ba nauyi, injin ba murya, giya na canza kanta ba ta shawarce shi ba. Ya yi ta mita har suka bar gari, wai wannan ba tuƙi ba ne, zaman falo ne. Da ya ji ba a amsa masa, ya waiga. Fasinja ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe, tana barci. Duk shekarun da suka yi suna bin hanyar nan bai taɓa ganin ta runtsa a mota ba, kullum hannunta na dafe da gaba. Ya yi shiru, ya rage gudu, ya riƙa kauce wa ko ƙaramar tsaga a kwalta.

Inda kwalta ta ƙare ya gangara hanyar ƙasa a hankali. Motar ta yi ƙoƙari, wannan kam bai hana ta ba. Amma a bakin kwazazzabo ya taka birki. Ruwan sama ya ƙara cin gefen, duwatsu sun fito. Ya auna da ido, ya san cikinta zai daki dutse tun kafin ƙafafun baya su sauka. Da jif ɗinsa ce, ko a jikinta. Daga nan ba a ganin madatsar, sai kan bishiyoyin da ke bakinta. Wurin ba wani kyau gare shi ba, shingen waya ne, da bishiya ɗaya, da tulin tsakuwa da masu aikin hanya suka bari. Ya kashe injin, shirun ya tashe ta.

"Mun iso?"

"Ba mu iso ba. Iyakar wannan motar ke nan." Ya yi ajiyar zuciya. "Ba zan iya kai ki bakin ruwa ba, Fasinja."

Ta leƙa kwazazzabon, ta dubi bishiyoyin can nesa, ta daɗe. Ya ga tana kewar wurin, ba ta ɓoye ba. Sannan ta buɗe ƙofa, ta sauke ƙafa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta miƙe tsaye da kanta yana kallo.

"Ni ma iyakata ke nan, Direba," ta ce. "Dama ba don ruwan nake fitowa ba. Sauko mana."

Ya zagayo da kwandon. Ta dafa kafaɗarsa, suka taka zuwa gindin bishiyar a hankali, yana jiran ƙafarta.